Wa Ya Saya Mana Kwale-kwalen? Tarihin Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Zaɓi Jami'a

Wannan rubutu na ƙannena mata ne da ke ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka, musamman dogayen cikinku, da kuma iyayenmu da suka ji ana cewa wai jami'a tana biya wa yarinya kuɗin makaranta don kawai tana tuƙa kwale-kwale. Maganar gaskiya ce. Ni kaina shekarata ta uku ke nan ina yi wa jami'armu tuƙi, a kujera ta biyar cikin jirgin mutum takwas. Amma kuɗin nan yana da asali, kuma wadda ta san inda ya fito ita za ta iya bambance makarantar da ke son ta da wadda ke neman ta cika mata lissafi.

Wasan tsoho ne ƙwarai. Gasar wasanni ta farko da aka taɓa yi tsakanin jami'o'i biyu a Amurka tseren kwale-kwale ce, Harvard da Yale, a 1852, a tafkin Winnipesaukee da ke jihar New Hampshire, kuma wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta don ya jawo fasinjoji. Kin ga tun ranar farko da kasuwanci a ciki. Maza ne zalla. Mata sun samu jirage a kwalejin Wellesley da aka buɗe a 1875, sai dai abin da ake so a wurinsu a lokacin shi ne motsa jiki da kyan tuƙi da rera waƙa a kan ruwa, ba rige-rige ba. A Ingila ma haka. Da matan Oxford da Cambridge suka kara karon farko a 1927, ba a bari jiragen biyu sun tashi tare ba, kowanne shi kaɗai ya wuce, alƙalai suna duba lokaci da kuma salon tuƙi. Sai a 2015 aka yarda matan su yi tserensu a kogin Thames a hanyar da maza ke bi, a rana ɗaya da su. 2015 fa, jama'a, ina firamare!

Abin da ya juya al'amura a Amurka doka ce da ake kira Title IX, wato Babi na Tara na gyaran dokar ilimi, wadda shugaba Nixon ya sa wa hannu ranar 23 ga Yuni, 1972. Jimlar da ke ɗauke da ita kalma 37 ce kacal, kuma babu kalmar wasa ko ɗaya a ciki. Abin da ta ce dai shi ne duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta ware wani ba saboda jinsinsa. Cikin waɗanda suka tsaya mata har da 'yar majalisa Patsy Mink daga Hawaii, wadda makarantun likitanci suka ƙi ɗauka tana budurwa, sai ta koma karatun lauya.

To amma doka a takarda daban, ruwan wanka daban. Yale ta fara ɗaukar mata a digirin farko a 1969. Gidan jiragenta yana Derby, a bakin kogin Housatonic, tafiyar bas daga makaranta. Bayan an gama atisaye a tsakiyar hunturu, maza su shiga su yi wanka da ruwan zafi, mata kuwa babu inda za su yi, sai su zauna cikin bas jiƙe sharkaf suna kakkarwa suna jiran mazan su gama, domin bas ɗaya ce. Duk wadda ta taɓa fitowa daga ruwa a watan Fabrairu ta san abin da nake nufi, gashi yakan daskare, yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Wasunsu suka yi ta ciwo. Ranar 3 ga Maris, 1976, su goma sha tara suka shiga ofishin shugabar wasannin mata, kyaftin ɗinsu Chris Ernst a gaba, suka tuɓe kayan wasansu, sunan dokar rubuce a ƙirji da bayan kowacce, Ernst ta karanta takardar kokensu, da wakilin jaridar New York Times a tsaye a wurin. Na san Mama za ta ce subhanallahi, kuma ni ma ba hanyar da zan bi ba ce. Amma labarin ya zaga ƙasar, Yale ta ji kunya, kafin shekara ta zagayo an fara yi wa mata nasu wurin. Abin da ya fi ba ni dariya, ita Ernst, bayan ta ci gasar duniya a 1986, sana'ar gyaran famfo ta kama.

A wannan shekarar ta 1976 aka fara tseren mata a gasar Olamfik, a Montreal ta Kanada, kan mita 1000, rabin na maza, sai a 1988 aka daidaita kan 2000. Jirgin takwas na Amurka ya zo na uku, kuma a ciki akwai baƙar fata, Anita DeFrantz, wadda ba ta taɓa riƙe filafili ba sai da ta shiga kwalejin Connecticut. Daga baya ta zama mace ta farko da ta riƙe mataimakiyar shugaban kwamitin Olamfik na duniya, a 1997. Ina ambaton ta ne don har yau in kin je gasa kika waiga, masu irin fatarmu ƙirga su ba wuya, masu ɗankwali kuwa sai ki wuni ba ki ga ta biyu ba.

Yanzu ga inda kuɗin ya fito, ki natsu a nan. A 1979 gwamnati ta fitar da hanyoyi uku da makaranta za ta nuna tana bin dokar, kuma wadda lauyoyi suka fi amincewa da ita ita ce yawan 'yan wasa mata ya yi daidai da yawan ɗalibai mata. Shekaru aka yi ana kawar da kai. Sai a 1991 jami'ar Brown ta janye kuɗi daga wasu ƙungiyoyi, biyu daga ciki na mata, ɗalibai suka kai ƙara a 1992, Brown ta sha kaye, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙorafinta a 1997. Daga nan hankalin manyan jami'o'i ya tashi. Matsalarsu ƙwallon Amurka ce, wannan da ake sa hular kwano: a lokacin ƙungiya ɗaya tana da maza sama da ɗari, 85 daga ciki da cikakken sikolashif, kuma babu wasan mata mai wannan girman. Wane wasa ne zai kwashe mata hamsin ko sittin a tashi ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa yin sa ba? Kwale-kwale. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta amince da sikolashif 20 ga tuƙin mata, ana iya gutsuttsura su a raba wa mutum da yawa, ta kuma yi gasar ƙasa ta farko a 1997 kusa da Sacramento, jami'ar Washington ta ci. Shi ya sa a shekarun 1990 makarantun ƙwallo irin su Iowa da Ohio State da Michigan da Texas, har da Kansas State da ke tsakiyar gonaki, suka tashi da ƙungiyoyin mata. Tuƙin maza kuwa har gobe ba ya ƙarƙashin NCAA.

Ba raina wannan nake yi ba, don Allah kar a juya mini magana. Ko da wace niyya aka haƙa rijiya, ruwanta ya shayar. Kociyoyi suka riƙa tare dogayen 'yan mata a ranar rajista suna ce musu ku zo ku gwada. Susan Francia haka ta fara a jami'ar Pennsylvania, ta ƙare da zinare biyu na Olamfik, 2008 da 2012. Jirgin takwas na matan Amurka ya yi daga 2006 zuwa 2016 ba wanda ya doke shi a gasar duniya ko Olamfik. Ni ma ta wannan ƙofar na shiga, da ƙwallon kwando nake yi.

Sai dai ƙofar da aka buɗe don lissafi, masu wayo ma sun gan ta. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar sayen gurbin jami'a, inda 'yar fim Lori Loughlin da mijinta suka biya dala 500,000 aka shigar da 'ya'yansu biyu jami'ar Southern California a matsayin koksin, wato 'yar ƙaramar da ke zaune a ƙarshen jirgi tana karkata shi tana ba da umarni, alhali ba sa wasan sam. Hotonsu kawai aka ɗauka a kan injin tuƙi. Uwar ta yi wata biyu a kurkuku. Kuma abin da lissafi ya kawo, lissafi yana iya ɗauke shi. A 2020, lokacin korona, jami'ar Connecticut ta ce za ta rufe ƙungiyar matanta. 'Yan wasa goma sha biyu suka kai ƙara da wannan dokar dai ta 1972, alƙali ya dakatar da rufewar a 2021, aka mayar da ƙungiyar. Ki yi tunanin yarinyar da ta bar wasu makarantu ta zo nan saboda jirgi, ta kwashe shekara ba ta san ko ta nemi canji ko ta zauna ba.

Dokokin ma sun sake. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, kuma makarantun da suka shiga tsarin sun daina aiki da iyakar sikolashif 20, yanzu iyakar tana kan yawan 'yan wasa, 68 a tuƙin mata, 105 a ƙwallon hular kwano. A takarda ana iya ba dukkan 68 ɗin kuɗi. A aikace kowace makaranta da zurfin aljihunta, kuma wadda a da take tara mata tamanin ko ɗari dole ta rage, su wa kike jin za a fara ragewa in ba sababbin shiga ba? Saboda haka in koci ya ce miki muna da gurbi, ki tambaye shi mutum nawa suka fara da shi bara ba tare da sun taɓa tuƙi ba, nawa ne kuma har yanzu suke nan. Ki tuna a gasar ƙasa jirage uku kawai makaranta ke sakawa, na takwas guda biyu da na huɗu guda ɗaya, mutum 23 ke nan har da koksin. Sauran arba'in da wani abu suna gida.

Ki tambayi nisan ruwa da makaranta, don awa 20 da doka ta ƙayyade a mako ba a ƙirga zaman bas a ciki, kuma mu nan ƙarfe biyar da rabi muke tashi, wani lokacin a gidan jirage nake sallar asuba. Ki tambaya ko kogin yana daskarewa, in yana yi to wata uku a kan inji za ki yi kina kallon bango. In likitanci ko injiniyanci kike so, ki nemi 'yar ƙungiyar da ke karanta shi ki ji ta bakinta, ba ta bakin koci ba. Maganar sutura da azumi ki yi ta tun a wayar farko, yadda ya amsa zai nuna miki da yawa. Ni koci ɗaya ya yi shiru na ɗan lokaci ya ce sai ya bincika, wata kuma ta ce in turo mata awo na dogon wando, kin san wurin wa na je.

Tambayar da Baba ya yi wa kowace makaranta ita ce, idan yarinyar nan ta ajiye filafili, kuɗin zai tsaya ko zai bi jirgi? Sikolashif na wasa ana iya janye shi in ke da kanki kika bar ƙungiya, amma tallafin da aka ba ki saboda ƙarancin kuɗin shigar gidanku ba ruwansa da tuƙi. Makarantun Ivy League ba sa ba da sikolashif na wasa ko sisi, haka ma na rukuni na uku irin su Wellesley, abin da koci zai iya shi ne ya sa baki a ɗauke ki, kuɗi kuma a duba takardun harajin iyaye. Ga gidaje irin namu, inda Baba ke tuƙin tasi Mama ke aikin jinya, sau da yawa wannan lissafin yana fin rabin sikolashif na babbar makarantar ƙwallo, don haka ki sa a buga miki duka biyun kafin ki sa hannu. Kuma kar ki ɗauka rashin sikolashif yana nufin jirgi maras gudu. Ita Brown ɗin da aka kai kotu, matanta sun ci gasar NCAA sau bakwai tsakanin 1999 da 2011.