Tambari Ba Shaida Ba Ne: Hanyoyin Gano Ainihin Maƙeran Tsofaffin Na'urorin Haɗa Sauti

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake gano kamfanin da ya ƙera tsohuwar na'urar haɗa sauti, wato miksa, idan an sayar da ita da sunan wani kamfani daban. An auna shaidu iri uku ta amfani da misalai daga Jamus da Amurka. Sakamakon ya nuna cewa shaida guda ba ta isa a yanke hukunci.

1.0 Gabatarwa

Daga shekarun 1950 zuwa na 1980, kamfanoni da dama sun riƙa ba wasu masana'antu kwangilar ƙera kayan sauti, su kuma su manna tambarinsu su kai kasuwa. Makirufo samfurin U47 da ya yaɗu da tambarin Telefunken, kamfanin Neumann na Berlin ne ya ƙera shi. Makirufo ELA M 251 kuwa, mai ɗauke da wannan tambarin shi ma, aikin AKG ne na ƙasar Ostiriya. Saboda haka na'ura ɗaya na iya samun iyayen gida uku: wanda ya tsara, wanda ya harhaɗa, da wanda ya sayar. Tambari na ukun kaɗai yake nunawa.

2.0 Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatance. An ɗauki na'urorin da aka riga aka tabbatar da tarihinsu, aka duba abin da kowace irin shaida ke iya tabbatarwa, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

3.0 Shaidu da Nauyinsu

3.1 Lambobin Sassa

A Amurka, ƙungiyar masana'antun lantarki ta EIA ta ba kowane kamfani lambarsa, wadda ake bugawa a jikin sassa kamar maɓallan murɗa ƙarfin sauti. CTS na da 137, Centralab 134, Stackpole kuma 304. Wanda ya ga 1377423 ya san CTS ne ya yi maɓallin a mako na 23 na shekarar 1974. Sai dai lambar maƙerin sashen take nunawa, ba wanda ya harhaɗa miksar ba. Abin da take tabbatarwa shi ne ba a gama na'urar kafin wannan mako ba, muddin ba mai gyara ne ya sauya sashen daga baya ba. Kamannin walda kan tona irin wannan sauyi.

3.2 Tsarin Ciki

Shimfiɗar allon lantarki, da salon lambobin da aka buga a kansa, da irin taransifoma sun fi tambari nauyi. Idan miksa biyu masu suna daban suka zo da allo iri ɗaya sak, akwai hujjar cewa tushensu ɗaya. Amma misalin amfilifaya V72 ya nuna iyakar wannan hujja. An tsara ta ne a farkon shekarun 1950 domin gidajen rediyon Jamus ta Yamma, sannan kamfanonin Maihak, Telefunken, Siemens da TAB suka ƙera ta bisa ƙa'ida ɗaya. Ko teburin haɗa sauti REDD.37 na kamfanin EMI, da aka yi aiki da shi a situdiyon Abbey Road na Landan, amfilifayar V72S ta Siemens ce a cikinsa. A nan kamannin tsari mai zane ɗaya ya nuna, alhali masana'antun huɗu ne.

3.3 Takardu

Realistic sunan kasuwanci ne da aka yi amfani da shi a shagunan Radio Shack, waɗanda kamfanin Tandy ya saya a 1963. Rubutun da ke bayan miksocin Realistic yakan ambaci ƙasar da aka yi su, kamar Japan ko Koriya ko Taiwan, ba tare da sunan masana'anta ba. An tabbatar cewa Moog ne ya ƙera na'urar kiɗa Concertmate MG-1 ta 1981, amma wannan bai zama hujja a kan sauran kayan Realistic ba, domin 'yan kwangilar suna da yawa. A irin wannan hali ana komawa ga littafin gyara da kuma lambar rajistar hukumar gwajin kayan lantarki ta UL, wadda ke farawa da harafin E. Ita ma kamfanin da ya yi rajista take nunawa, wanda wani lokaci dillalin ne da kansa.

4.0 Kammalawa

Lambar sashe lokaci take ƙayyadewa, tsarin ciki na nuna mai zane, takardu kuma na kusantar da mai bincike ga masana'anta. Bai kamata a jingina na'ura ga wani kamfani ba sai aƙalla biyu daga cikin shaidun sun dace, kuma a fayyace ko zane ake nufi ko harhaɗawa. Maƙalar na ba masu gyara da masu kula da kayan tarihin gidajen rediyo shawara su ɗauki hoton lambobin kafin gyara, su kuma adana duk sashen da suka cire tare da na'urarsa.