Daga Malamin Disfensa Zuwa Yau: Tarihin Bitar Ma'aikatan Lafiya

Duk wanda ya tashi a Dole Kaina, ko Lolo, ko Illo, ya san cewa likita baƙo ne a yankinmu. Tun zamanin En'e, malamin disfensa da ungozoma su ne suka riƙe lafiyar talaka, kuma galibin abin da suka iya sun same shi ne ta hanyar gajeren horo, ana yi ana ƙara musu.

A 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, wadda ta riƙa yaye duba-gari. Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya matakin farko har ƙauye, sai Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya mayar da hankali ga ƙananan ma'aikata. Aka riƙa tara su bita ta 'yan kwanaki kan allurar rigakafi da haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa. A 1992, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka kafa hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa.

Amfanin wannan hanya ya fito fili a yaƙin kurkunu. Mutanen ƙauye aka koya wa tace ruwa da kai rahoton mai ciwo, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar. A 2014 kuma gwamnatin tarayya ta amince jami'an lafiya na karkara su ɗauki wasu ayyukan ungozomar asibiti, muddin sun sami horo a kansu.

Garin kan iyaka irin namu ya fi kowa bukatar haka, domin cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Masunta da fatake daga Benin da Nijar suna shigowa, namu ma suna ƙetarawa. Wanda ya fito daga makarantar Jega shekaru ashirin da suka wuce, in bai ƙara sani ba, magungunan yau za su wuce shi.

Saboda haka, 'yan uwa mazauna Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna da Abuja, kada gudummawarmu ta tsaya ga gini da fenti. Mu ɗauki nauyin kuɗin mota da masaukin ma'aikacin asibitinmu ya je bita ya dawo da takardar shaida, domin hannunsa ne iyayenmu da matanmu suke zuwa da tsakar dare. Allah Ya ba mu iko, amin.