Na'urar Sanyi a Tsofaffin Motoci

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, wadda ke shayar da gonakin Kura da Bunkure. A 1975 kuwa aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, motar ma'aikatan wancan zamani. Kamar yadda magudanan Tiga ke jigilar ruwa, haka na'urar sanyin motocin zamanin ke jigilar zafi. Kwamfireso yana matse iskar R-12, ta zubar da zafi a gaban mota, ta zama ruwa, sa'an nan ta koma tururi a ciki, tana shanye zafin ɗaki. Amma iskar tana cinye garkuwar ozon, dalilin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ke nan. Saboda haka makaniki nagari ba ya sakin ta sama, ba ya kuma kai ta kusa da wuta, gama hayaƙinta guba ne.