Makarantu biyu na 1963 da mulkin sararin samaniya

A shekarar 1963 aka buɗe makarantu biyu a Yamai waɗanda ba a cika ambatonsu tare ba. Ɗaya ita ce ENA, mai horar da jami'an mulki. Ɗayar kuma EAMAC ce, mai koyar da hasashen yanayi, da ba jirage hanya, da gyaran na'urorin filin jirgi. Ta biyun mallakar ASECNA ce, hukumar da Faransa da ƙasashen da ta mallaka suka kafa a Saint-Louis ta Senegal ranar 12 ga Disamba 1959, tun kafin Nijar ta sami mulkin kai.

A lokacin, an ɗauka aikin sama na masu sana'a ne, mulki kuma na masu biro da takarda. Tarihin Air Afrique ya nuna kuskuren wannan rabo. Ƙasashe 11, har da tamu, suka kafa kamfanin a Yawunde a 1961, aka ajiye cibiyarsa a Abijan. Matuƙa da injiniyoyi bai rasa su ba. Abin da ya kayar da shi na ofis ne: kowace gwamnati na son kasonta na muƙamai, ma'aikatun gwamnatoci na karɓar tikiti bashi ba su biya, ga bashin jiragen Airbus da ya fi ƙarfin aljihu. Kamaru ta fice a 1971. An kawo Yves Roland-Billecart daga Faransa a 1989 don ya ɗinke ɓarakar, amma a 2002 kamfanin ya rushe. Dattawan da suka je Makka a cikin jiragensa har yanzu suna ambatonsa da kewa.

ASECNA kuwa ta tsira, kuma a ganina ba don ta fi gwaninta ba ne. Kuɗinta daga kamfanonin jiragen da ke ratsa samaniyarta yake fitowa, ba ta zaman jiran baitulmalin kowa. Tana kula da kusan murabba'in kilomita miliyan 16, kuma ɗaya daga cibiyoyinta yana Yamai.

Shawarar Yamusukuro ta 1999, wadda ta buɗe kasuwar sufurin sama tsakanin ƙasashen Afirka, ta ƙara wa jami'in gwamnati nauyi. Shi zai ba kamfani lasisi, shi zai karanta kwangilar ba da filin jirgi, shi zai amsa wa masu binciken hukumar jiragen sama ta duniya. Ɗalibin ENA ya san doka da kasafi, na EAMAC ya san hasumiya da rada, amma kujerar da ke jiran ɗayansu tana bukatar duka biyun.