«Wane fim ka gani?»: waiwaye kan tarihin hirar sinima a Nijar

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina aikin rubutu da Hausa: kowa ya ba da labarin fim ɗin da ya kalla kwanan nan, ya kuma faɗi dalilin da zai sa ya shawarci abokinsa ya kalle shi ko ya ƙyale shi. Yaran da in aka ce su cika shafi guda sai an kai ruwa rana, ran nan sai da na karɓe takardu da ƙyar. Akwai masu fina-finan Kano, akwai masu na Indiya da aka juya da Hausa, akwai masu dogon zango da suke bi a wayar salula. Da na raba musu takardunsu sai na tambaye su ko wane ne Umaru Ganda. Aji ya yi tsit, sannan wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce sunan wani gidan wasanni ne a Yamai. Ba ta yi ƙarya ba, amma amsar ta tsaya mini a rai. Yaya aka yi al'ummar da ke son hirar fim haka ta manta da waɗanda suka fara yi mata fim? Amsar tana cikin tarihin hirar kanta, wato abin da aka kawo mana muka gani, da harshen da aka yi shi, da wanda ya ba mu labarinsa.

Zamanin da ake ba da labarin fim

Sinima ta shigo ƙasashenmu a hannun Turawan mulkin mallaka, kuma ta shigo da dabaibayi. A shekarar 1934 gwamnatin Faransa ta kafa dokar da ake kira dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da take mulka sai da izinin hukuma. Rarraba fina-finai kuwa ya kasance a hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, waɗanda suka riƙe kasuwar har bayan samun ƴancin kai a 1960. Su ke zaɓar abin da za a haska, kuma abin da ya fi musu araha shi suke kawowa: fina-finan kaboyi na Amurka, da na ƴan sanda da ɓarayi, da na soyayya daga Indiya da Masar. A shekarun 1970 aka ƙara da na kareti daga Hong Kong.

Gidajen sinima na lokacin galibi fili ne da katanga, ba rufi, sai rana ta faɗi ake kunna na'ura. Mafi yawan masu kallo ba su jin harshen da ake magana da shi a allo. Wannan gibi ne ya haifar da abin da dattawanmu suka sani sarai, wato ba da labarin fim. Yaro ɗaya ya samu kuɗin shiga, washegari goma su kewaye shi. Shi zai zama jarumi, shi zai zama mugu, shi zai yi kukan doki da ƙarar bindiga, inda bai gane ba kuma ya cike da nasa. In ya ce fim ya yi daɗi, daren nan sai an yi turereniya a ƙofa. In ya ce ba faɗa, ba waƙa, to mai gidan sinima ya yi asara. Babu jarida, babu talla sai allon da aka liƙa wa hoto, saboda haka bakin mai labari shi ne ma'aunin kasuwa. Wanda ya tashi da tatsuniya a dandali bai ga baƙon abu a nan ba, domin gwaninta ɗaya ce aka sauya mata kaya.

Masu kallo sun zama masu yi

Abin lura shi ne, daga cikin waɗannan masu kallo sinimar Nijar ta fito. Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya haɗu da Umaru Ganda a Abijan, inda Ganda yake dako a tashar jiragen ruwa bayan ya dawo daga yaƙin Indocin. A fim ɗin Moi, un Noir na 1958, samarin Nijar ƴan ci-rani a unguwar Treichville suna kiran kansu da sunayen taurarin da suke gani a sinima: Ganda shi ne Edward G. Robinson, abokinsa kuwa Eddie Constantine. An ɗauki hotunan ba murya, daga baya aka haska wa Ganda su, shi kuma ya yi ta magana a kansu yadda ta zo masa. Ke nan muryar da ta sa fim ɗin ya ci kyautar Louis-Delluc a Faransa muryar mai ba da labarin fim ce. Haka Damure Zika da Lam Ibrahim Dia suka yi wa fim ɗin Jaguar, labarin tafiyarsu ci-rani zuwa ƙasar da ta zama Gana.

Mustafa Alasan, haifaffen N'Dunga a 1942, tun yana yaro yake haska wa mutanen garinsu zane-zanensa da fitila. Ya fara da Aouré a 1962, ya yi fina-finan zane masu motsi irin su La Mort de Gandji da Bon voyage Sim, inda kwaɗi suke wasan sarauta da mulki. A 1966 ya fito da Le Retour d'un aventurier: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Idan aka duba da kyau, wannan fim sharhi ne a kan fina-finan da aka cika mana ido da su. Alasan ya faɗi ra'ayinsa kan kaboyi da na'urar ɗaukar hoto, kamar yadda wasu ke faɗin nasu a bakin kasuwa.

Ganda kuwa ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo daga Indocin, abokai suka taya shi cinye kuɗinsa suka watse. An nuna shi a bikin Cannes a 1969. A shekarar ce aka fara bikin fina-finai na Wagadugu, FESPACO, da Nijar cikin ƙasashen farko da suka halarta. A 1972, karon farko da aka ba da babbar kyautar bikin, Étalon de Yennenga, fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya ɗauke ta. Labarin wani alhaji ne da ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, kishi ya kai ga zubar da jini ranar biki. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, kuma FESPACO ta sa sunansa ga kyautar da take ba wanda ya yi dogon fim na farko.

Hirar masu kallo ba kullum take yin adalci ba. Zalika Sule, wadda ta fito a fina-finan Alasan da na Ganda, sau da yawa an ba ta matsayin fitsararriya ko muguwar kishiya, jama'a kuma suka kasa raba ta da abin da suka gani a allo. Abin da ya same ta na tsangwama da talauci Rahmatu Keita ta nuna shi a fim ɗin Al'lèèssi na 2004. Ta rasu a 2021.

Me ya sa ba su shiga bakin jama'a ba?

Dalili na farko shi ne rarrabawa. Fim ɗin da ya ci kyauta a Wagadugu ya fi saurin isa Paris da ya isa Maraɗi ko Damagaram. Masu fina-finan Afirka sun san ciwon, shi ya sa suka taru a Yamai a watan Maris na 1982 suka fitar da sanarwar da ta ɗauki sunan birnin, suna neman a haɗa yin fim da rarraba shi da gidajen nuna shi. Sai dai sanarwar ta zo daidai lokacin da kuɗin yuraniyom ya faɗi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin hayar fim daga waje, bidiyo kuma ta riga ta shiga gidaje. Gidajen sinima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na biyu, wanda ya fi shafar mu a kudancin ƙasa, shi ne harshe. Fina-finan Ganda da Zabarmanci da Faransanci aka yi su, don haka Bahaushen Tasawa ko Madawa, ko da sun iso masa, sai an fassara masa. Misalin da ya fi ciwo shi ne na Sarauniya. Abdullahi Mamani ya rubuta littafinsa a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, aka buga shi a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya kuma ci Étalon de Yennenga a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma sarauniyar Arewa ba da Hausa take magana a cikinsa ba.

Kaset daga Kano

Abin da aka rasa daga Yamai sai ya zo daga kudu, ta hanyar da goro da atamfa suka saba bi. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Kafin shekarun su ƙare, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, kaset ɗin Kano ya cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. Mu da muka yi samartaka a lokacin mun san rumfunan kallo na unguwa, da tele ɗaya, da benci, da janareto yana kuka a waje. Babban sauyin shi ne kallo ya shiga cikin gida. Matan aure da ba su taɓa taka gidan sinima ba suka zama su ne manyan masu kallo da masu sharhi, a gidan suna, a gidan biki, a wajen kitso. Samari kuwa suka kai hirar fada, a kan shayi.

Yanzu kowa yana jin abin da ake faɗa, don haka aikin mai ba da labari ya ragu, muhawara ta ƙaru. Shin rawa da waƙa irin ta Indiya al'adarmu ce? Shin haka ake yi wa iyaye magana? A Nijeriya muhawarar ta samu shiga takarda, domin a 1999 aka fara buga mujallar Fim, sannan a 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai. A wajenmu kuwa ta tsaya a baki da gidajen rediyo masu zaman kansu. Mun ba masana'antar kasuwa, mun ba ta murya irin ta Fati Nijar, ƴar Maraɗi, amma ba mu ajiye rubutaccen ra'ayinmu ba. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma katin waya da WhatsApp da YouTube, hirar na nan yadda take, tana tashi da iska.

Hausa a gaban na'urar ƴan ƙasa

Duk da haka ba a zauna ba. Tun shekarun 1980 Mariyama Hima ta yi gajeren fim mai suna Baabu Banza a kan masu sana'ar sarrafa tsofaffin kaya a Yamai. Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008, inda auren wata yarinya ya rataya a kan kuɗin albasar mahaifinta, sannan Koukan Kourcia a 2010, inda ya ɗauki tsohuwar zabaya zuwa Abijan don waƙarta ta dawo da mahaifinsa gida. A'isha Maki, ƴar Damagaram, ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 a kan halin matar da ba ta haihu ba, da Zinder a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara. A waɗannan fina-finai mutanenmu ne ke magana da bakinsu a kan ci-rani da aure da zaman banza. Amma tsohon ciwon bai warke ba, don an fi ganin su a bukukuwan ƙasashen waje fiye da garuruwan da aka ɗauke su.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan ya nuna cewa a ƙasarmu fim ba ya rayuwa sai wani ya ce wa wani «je ka gani». Gidan sinima ya rushe, kaset ya shuɗe, amma wannan kalma ba ta rasa ƙarfinta ba, kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da bakin faɗinta. Majigi ƙarami da farin bango a gidan matasa ko a farfajiyar makaranta sun isa. A nuna fim ɗin Kano da yara suka sani, a bi shi da Koukan Kourcia, a tambaye su wanne ya fi kama da gidansu. A nuna Cabascabo, a sa ɗalibi mai jin Zabarmanci ya fassara wa sauran, kamar yadda aka yi a da. Bayan haka a sa su rubuta ra'ayinsu da Hausa, a koya musu bambanci tsakanin «ya yi daɗi» da faɗin abin da ya sa ya yi daɗin, da bambanci tsakanin ɗan wasa da matsayin da aka ba shi, don kada a maimaita abin da aka yi wa Zalika.

Ni dai na gwada da ajina. Na nuna musu Le Retour d'un aventurier, suka yi dariya har da riƙe ciki. Da aka kunna fitila, yarinyar nan da ta ce Umaru Ganda sunan gida ne ta ce waɗannan kaboyi ba su da bambanci da samarin unguwarsu masu kwaikwayon abin da suke gani a waya. Washegari ƴan wani aji suka tare ni a ƙofa suna tambaya yaushe za a nuna musu nasu, domin an riga an ba su labari.