Wusasa: Yadda Ikilisiyar Baƙi Ta Zama Gari

A yawancin majami'un Arewa, akwai lokacin da ake tsayawa a tsakiyar sujadar Lahadi a ce duk wanda yau ne zuwansa na farko ya miƙe tsaye. Sai a yi masa waƙar maraba, na kusa da shi su miƙa masa hannu. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Abin da ke da wuya yana zuwa bayan an tashi: wa zai san inda baƙon ya kwana, wa zai neme shi ranar Talata? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Tarihin Wusasa, wadda ke bayan ganuwar Zariya, labari ne na yadda wata ƙaramar ikilisiya da kusan kowa a cikinta baƙo ne ta kafu har ta yi saiwa.

Wanda ya fara aikin ma baƙo ne. Dakta Walter Miller, likita ɗan Ingila na ƙungiyar mishan ta CMS, ya koyi Hausa a Tarabulus, a cikin Hausawan da ke zaune can da masu wucewa zuwa aikin hajji. A 1900 ya biyo tawagar Bishop Herbert Tugwell zuwa Kano, amma Sarki Aliyu Babba ya umarce su su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A 1905 Miller ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Shekaru suka shuɗe, mabiyansa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

A 1913 ne al'amarin ya sauya, da zuwan wasu baƙi da bai yi tsammani ba. Tun a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani Malam Ibrahim wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a cikin karantarwarsa. Hukuma ta kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. Su ne ake kira Isawa. Akasarinsu sun ci gaba da zama a kan tafarkinsu, amma wani ɓangare ya nemi Miller don jin abin da littafinsa ya faɗa game da Isa. Mutane ne da suka yi shekaru ana yi musu kallon bare a ƙasar haihuwarsu.

An samar musu matsuguni a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, domin su yi noma su zauna tare. Niyyar kyakkyawa ce, amma wurin cike yake da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ɓarna mai yawa, har aka tashi daga wurin, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya, cikinsu da marayu da matan da mazansu suka rasu. A nan ne maraba ta tashi daga gaisuwa ta koma ɗaukar nauyi, domin dole wani ya ciyar da yaran nan, ya tufatar da su, ya sa su makaranta. Yaran da suka tashi a gida ɗaya, suna cin tuwo a akushi ɗaya, sun girma suna ɗaukar juna 'yan'uwa ko da ba su haɗa jini ba.

Zaman birni bai ɗore ba. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka ba su son ganin mishan a cikin ganuwa. Shi ma Miller bai sauƙaƙa lamarin ba: mutum ne mai kafiya, kuma yana cikin masu kai ƙarar Aliyu Ɗan Sidi, sarkin da ya ba shi masauki, wanda daga baya aka tuɓe aka kai Lakwaja. A ƙarshen shekarun 1920 aka mayar da mishan Wusasa, duk da cewa Miller bai so tashin ba. A 1929 aka gina majami'ar St. Bartholomew, ga makaranta, ga asibitin St. Luke.

Abubuwa uku suka sa sabon wurin ya riƙe mutane. Na farko harshe. Da Hausa ake sujada, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya jagoranta. Bafulatani da Bahaushe da mutumin tsaunukan Filato duk sun samu harshe ɗaya na addu'a da na ciniki. Na biyu kamanni. Da ƙasa aka gina majami'ar, bisa salon maginan Hausa, ta yadda mai shigowa daga ƙauye zai ji kamar zauren da ya saba ya shiga. Mutane kuma sun riƙe sunayensu na gida, irin su Audu da Dikko da Tafida, da rigunansu da hulunansu. Na uku hidima. Makaranta da asibiti sun ba sabon zuwa dalilin fitowa kullum, da aikin yi, da abokan hira. Zumunta a ƙafa take, kuma a Wusasa ƙafar tana da wurin zuwa kowace safiya.

Ana iya auna sakamakon da mutanen da wurin ya fitar. Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa ya fito daga cikin Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma zama ministan harkokin waje a 1979. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Sai kuma wani mai bishara ɗan ƙabilar Angas da ya taso daga yankin Pankshin da iyalinsa ya sauka a Wusasa. Ɗansa Yakubu Gowon, wanda aka haifa a 1934, a nan ya tashi da Hausa a bakinsa, ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975.

Wannan tarihi yana da tabonsa. An yi shekaru Turawan mishan ne ke yanke shawara, 'yan ƙasa na bi. Wasu da suka shiga ikilisiyar sun rasa danginsu na asali, abin da ya sa suka ƙara manne wa juna, ya kuma sa na waje ke yi musu kallon keɓaɓɓu. Duk da haka hulɗa da birni ba ta yanke ba. Musulmi sun yi jinya a asibitin, kuma iyalai da dama suna da dangi a ɓangarorin biyu.

A yau rashin tsaro na koro mutane daga ƙauyuka zuwa Kaduna da Jos da Zariya, kuma da yawansu majami'a suke fara nufa. Za a ce su miƙe, za a yi musu waƙa. Abin da mutanen Wusasa suka ƙara a kan haka shi ne ɗaki, da kwanon abinci, da gurbi a aji, da aikin hannu, har baƙon jiya ya zama mai tarbar na gobe. Ikilisiyar da ke son sanin matsayinta a wannan fanni tana iya duba sunayen waɗanda suka miƙe bara, ta ƙirga nawa ne har yanzu ake sanin ƙofar gidansu.