Gajiyar Likita a Lokacin Annoba: Daga Freudenberger Zuwa Lorna Breen

Jama'a, tun kafin annoba ta zo, masana sun riga sun san irin wannan gajiya. A cikin shekarar 1974 ne wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan ma'aikatan sa kai na wani asibitin kyauta a birnin Niyok. Ya lura cewa mutum kan fara aiki da zummarsa, amma bayan kamar shekara guda sai barci ya ƙaurace masa, fushi ya yawaita, tausayin majinyaci ya ragu. Sunan da ya laƙaba wa wannan hali da Turanci ma'anarsa ƙonewa ƙurmus, wato kamar fitilar da mai ya ƙare, lagwani ya shiga cin kansa. A ganina wannan siffa ta fi kalmarmu ta gajiya dacewa, domin gajiya barci kan warkar da ita.

Sai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, amma ba ta kira shi cuta ba. Shekara ba ta zagayo ba annobar korona ta game duniya.

To, a nan ne labarin Dakta Lorna Breen ya shigo. Ita ce shugabar sashen gaggawa na wani asibiti a Niyok ɗin nan. Cutar ta kama ta a watan Maris na 2020, ta koma bakin aiki ba ta gama murmurewa ba, ta tarar majinyata suna mutuwa fiye da yadda hannu zai kai. Da abin ya fi ƙarfinta aka kwantar da ita a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a jihar Bajiniya. Ranar 26 ga Afrilu ta kashe kanta, tana da shekara 49.

'Yan'uwanta sun ce abin da ya fi damunta shi ne tsoron kada neman maganin ya raba ta da lasisinta. Tsoron kuwa yana da tushe, domin a lokacin hukumomin lasisi na jihohi da dama a Amurka sukan tambayi likita ko ya taɓa jinyar ƙwaƙwalwa. Ashe jihar Niyok ba ta cikinsu, ita kuwa ba ta sani ba. A watan Maris na 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan asibiti, wadda aka sa wa sunanta.